Gashin Aro a Ƙirjin Tunau

A zamanin da jirgin fito kaɗai ke haɗa gaɓa biyu na kogin Kwara, an yi wani mai fito a Tungar Maje ana kiransa Tunau. Ranar da aka haife shi ungozoma ta kara kunne a ƙirjinsa ta ji shiru a hagu, sai da ta koma dama ta ji zuciya na bugawa. Ta yi salati ta ce wannan yaro da abinsa ya zo. Da tari kuwa ya zo. Da tari ya yi rarrafe, da tari ya koyi tuƙi, da tari ya yi aure. Kaki ba ya ƙarewa a ƙirjinsa. In ya kwanta rigingine sai ya ji kamar an danna kansa cikin ruwa, don haka tun tasowarsa a zaune yake barci, jingine da bango.

Matarsa Hansai mai bandar kifi ce. Allah bai ba su haihuwa ba, shi ke nan gare ta, ita ke nan gare shi. Babu saiwar da ba ta dafa masa ba, babu turaren da ba ta yi masa ba, rubutu kuwa ya sha har ya gaji. A shekarar da wannan abu ya faru ciwon ya kai shi ƙasa. Ya ajiye filafili, leɓɓansa suka yi shuɗi, numfashinsa ya koma kamar tukunyar talge tana tafasa.

Wata safiya Hansai na gyaran wani giwan ruwa a tsakar gida, ta tsaga cikinsa, sai wuƙa ta ci karo da wata tsakuwa garai-garai kamar ƙanƙara, girman ƙwayar gurjiya. Ta ɗauraye ta da ruwan kogi. Ɗigo guda ya faɗa kan ganyen badon da ta shimfiɗa kifin, ya tsaya ƙuri. Ta ɗaga tsakuwar ta kai ido, ta dubi ɗigon ta cikinta.

Sai ga duniya. Ga dazuzzukan gansakuka, ga halittu suna kai da kawowa, wasu jikinsu duk gashi ne siriri yana kaɗawa kamar gonar shinkafa in iska ta bi ta kai, wasu da bulala guda a goshi suna murza ta suna tafiya. Ɗaya daga cikin masu bulalar, kore shar, mai jan ido ɗaya, ya tsaya ya ɗago ya dube ta.

Ya ce, "Aminci gare ki, 'yar Adam. Sunana Zabgau. Kin raba mu da kogi, kin ajiye mu inda rana za ta shanye mu. Mayar da mu."

Kafin Hansai ta ba da amsa Tunau ya yi tari daga ɗaki, ta ga ɗigon ya girgiza, halittun suka watse.

Zabgau ya ce, "Wace tsawa ce wannan mai jiƙaƙƙiyar murya?"

Ta ce, "Maigidana ne. Ƙirjinsa ke nutsar da shi."

Ya ce, "To matuƙansa ne ba sa tuƙi. Babu ɗan Adam ɗin da ba shi da 'yan'uwanmu a ƙirjinsa, masu gashi, suna share masa hanyar numfashi dare da rana bai sani ba. Na mijinki a kwance suke."

"Akwai mai tashe su?"

Zabgau ya ce, "In akwai, Magajiyar Koren Birni ce ta sani, birninta kuwa yana cikin ɗigon nan da kika ɗebo. Amma ki mayar da mu kogi, shi ya fi."

Hansai ta san in ta mayar da su ba za ta ƙara ganin birnin ba har abada. Ta ja ganyen ta kai shi inuwar rumbu. Ta ce, "Kai ni wurinta tukuna. Na rantse da Wanda ya yi ni ya yi ku, in na fito zan mayar da ku."

Ya ce, "Kin sa rayukanmu a caca, mu kuwa ba mu da ƙafar gudu. Sa tsakuwar a ƙarƙashin harshenki, ki taɓa ruwan da ɗan yatsa."

Ta yi bismilla ta taɓa. Tsakar gida ta yi sama ta ɓace.

Ta tsinci kanta a cikin ruwa ta ko'ina, tana numfashi ba ta san ta yaya ba. Hansai 'yar masunta ce, ta iya iyo tun ba ta iya tafiya ba. Ta miƙa hannu ta ja, ta matsa gaba, ta mayar da hannun, sai ta koma daidai inda ta taso. Ruwan ya yi kauri kamar zuma. Ta yi ta kokawa har ƙarfinta ya ƙare, ko taki ba ta ci ba.

Zabgau ya ce, "A nan abin da hannu ya ba ki, hannu ke karɓewa. Hau bayana."

Ta hau. Ya murza bulalarsa suka kama hanya, suna juyawa kamar mazari.

Suka shiga dajin gansakuka, suka fita a wani kwari da wasu halittu masu siffar ƙararrawa suka tsiro a cikinsa, kowace a bisa doguwar igiya, bakinta a buɗe, kewaye da gashi mai kaɗawa ba tsayawa. Ruwan kwarin duk juyi yake. Zabgau ya raɓe ta gefe, amma juyin ya fizge Hansai daga bayansa ya yi sama da ita, ya tsayar da ita a leɓen wata tsohuwar ƙararrawa. Ta riƙe leɓen da hannu biyu, ƙafafunta na lilo a cikin duhun bakin.

Ƙararrawar ta ce, "Maraba da abin da ruwa ya kawo. Ina kika nufa, baƙuwa?"

"Ranki ya daɗe, Koren Birni za ni, neman magani."

"Za ki. Kowa za shi wani wuri sai mu. An ba mu gashi an hana mu tafiya. Tun da aka halicce ni nake tuƙi, ban taɓa barin wurin nan ba. Don haka muka yi wa kanmu doka: wanda ke tafiya, in ya zo bakinmu, tafiyarsa ta ƙare. Saki leɓena."

"Ki ji tausayina, ina da majinyaci."

"Na ji. Saki."

Yatsun Hansai suka fara zamewa. Sai tsawa ta faɗo daga sama, doguwa, mai kakari. Tunau ne ke tari a can duniyar mutane. Ruwa ya girgiza, nan take kowace ƙararrawa ta naɗe igiyarta ta faɗa ƙasa ta rufe baki. Zabgau ya sure Hansai ya ratsa kwarin da ita kafin su miƙe. Tana bayansa tana kuka, don tarin da ya cece ta shi ne wanda ke kashe mijinta.

Suka yi ta tafiya. Ruwan ya fara ɗumi. Zabgau ya ce, "Inuwa ta kauce. Kin ji?" Ta ji.

Suka iso wani fili fetal mai laka a ƙasa. A tsakiyarsa akwai wani tudu fari mai sheƙi, Zabgau ya sauka kusa da shi ya huta. Ashe ba tudu ba ne. Gefensa ya kumbura ya zama hannu, wani gefen ya zama wani hannun, suka malalo ta dama da hagu a hankali kamar kunu ya zube.

Murya ta fito daga cikinsa, ba baki ba fuska. "Ni ne Narkau. Ba ni da gashi, ba ni da bulala, ba ni da gaggawa. Masu sauri duk wurina suke ƙarewa. Wane ne a cikinku zai fara?"

Zabgau ya zabura, amma hannayen sun riga sun haɗe a kan bulalarsa. Ya ja, Narkau ya riƙe. Zabgau ya ce da Hansai, "Kina da wuƙa?"

Wuƙar kifinta na soke a zaninta. Ta ce, "In na yanke bulalar, da me za ka yi tafiya?"

"In ba ki yanke ba, mu duka za mu tafi cikinsa. Yanke."

Ta yanke. Ƙarfin jan da Zabgau ke yi ya wurga su gefe, suka faɗa bayan wani kututturen gansakuka. Narkau ya tsaya yana haɗiyar bulalar, ba ya sauri.

Zabgau ya kwanta a laka, ba motsi. Ya ce, "Kwance kitsonki." Ta kwance. Ya kafa mata jan idonsa har ta ji fatar kanta ta ɗauki zafi, sai kowane silin gashinta ya miƙe da ransa. Ya ce, "Ki saurara da kyau. In za su ja ruwa, su sandare kamar filafili. In za su dawo, su yi laushi su bi jiki. Kada su kaɗa lokaci guda, kowane ya jira na gabansa. Gwada."

Ta gwada ta juya a wuri ɗaya. Ta sake gwadawa ta yi baya. Can sai gashin ya kama kiɗansa, ta ji ruwa na wucewa ta kunnuwanta.

Ta ce, "Zo in goya ka."

"Gashinki ba zai ja mu biyu ba. Bi haske, can birnin yake."

"Narkau fa?"

"Yana zuwa. Ai ya gaya miki ba ya gaggawa. Tafi, 'yar Adam, ki tuna rantsuwarki."

Ta tafi. Ta waiwaya sau ɗaya ta ga farin tudun ya fara malalowa wajen kututturen. Ba ta ƙara waiwayawa ba.

Ita kaɗai ta ci sauran hanyar. Sama ta yi ƙasa-ƙasa, don ɗigon na ƙanƙancewa. Halittu suka cunkushe suna gudu ba su san inda za su ba, wasu sun maƙale a gefen da ya bushe, gashinsu na kaɗawa a banza har ya tsaya. Sai kuma ta lura da abin da ya fi wannan tsoratar da ita: tsawa ta daina. Tun daga filin Narkau ba ta ƙara jin tarin Tunau ba.

Koren Birni ya bayyana a gabanta yana mirginowa. Dunƙulalle ne kamar ƙwarya biyu a kife, bangonsa kuwa mutanen birnin ne da kansu, dubbai, riƙe da juna, kowane da gashi biyu a waje yana tuƙi. Suka buɗe mata kafa ta shiga. A ciki ta ga wasu ƙananan birane suna shawagi, kore shar, a tsakiyarsu kuma wata tsohuwa zaune, fatarta ta yi tsaga-tsaga.

Hansai ta durƙusa. "Ranki ya daɗe, Magajiya."

Magajiya ta ce, "Kada ki roƙa mini tsawon rai. 'Ya'yan nan da kike gani a cikina ba su da ƙofar fita sai na fashe, lokacin kuwa ya yi kusa. Ke ce kika ajiye mu a rana. Faɗi abin da ya kawo ki."

Hansai ta faɗa mata duka. Magajiya ta hura kumfa biyu. A ta farko Hansai ta ga wata gona mai faɗi, gashinta na kaɗawa layi-layi, yana tura wani siririn yauƙi sama, ƙura da datti na tafiya a kansa.

"Wannan ƙirjinki ne."

A ta biyu ta ga gona irin waccan, amma gashin duk a kwance kamar shinkafar da ambaliya ta bi ta kai, taɓo ya taru a bisa ya yi kauri.

"Wannan nasa ne. Yana da rai har yanzu, ƙarfin tarin ne ya ƙare masa. Tun yana ɗigon ruwa a cikin uwarsa matuƙansa ba su kaɗa ba, shi ya sa zuciyarsa ta ɓata hanya ta zauna a dama. Ba barci suke ba, balle a tashe su. Haka aka yi su."

"To ki ba ni iri in shuka masa."

"Ba shi da iri."

"Ki ba ni na mutanenki."

"Namu na ruwan kogi ne, a jikin mutum sai su mutu kafin ki rufe baki. Abu ɗaya ake iyawa. A kwashe naki a kai masa."

Hansai ta ce, "A kwashe."

"Ba ki ji ƙarshen magana ba. In an kwashe, ciwonsa ya zama naki, ke kuwa ba ki saba ba, ba za ki jure abin da ya jure ba. Kuma gashin aro ba ya kaɗawa sai mai shi na numfashi. Ranar da kika daina, su ma sun daina, shi kuma ya riga ya manta yadda ake zama da ciwon."

Hansai ta ce, "Har yaushe zan kai?"

"Damina guda. Wataƙila ba za ki ga girbi ba."

"Babu wata hanya? Ki ɗauki idona. Ki ɗauki hannuwana. Ki riƙe ni baiwa a nan har abada."

"Me zan yi da idonki, ni da zan fashe? Ba ciniki nake da ke ba, 'yar Adam, abin da ke akwai nake gaya miki. In kin koma hannu biyu, shi zai tafi kafin jibi, ke ki tsufa. In kin karɓa, ku biyun za ku tafi. Mai hankali ya san wanda zai zaɓa."

Hansai ta kifa kai ta yi kuka har gashinta ya daina kaɗawa. Da ta ɗago ta ce, "Ranki ya daɗe, mutumin nan bai taɓa cika ƙirjinsa da iska ba. Bai taɓa yin dariya ta kai ƙarshe ba, tari ke katse ta. Ba zan bari ya koma ga Allah bai san daɗin numfashi ba. A kwashe."

Magajiya ta miƙa hannu ta shafi ƙirjinta. Hansai ta ji kamar an zare mata wani zare mai tsawo ta maƙogwaro, ya naɗe a kan tsakuwar da ke ƙarƙashin harshenta.

"In kin fita, sa masa tsakuwar a baki. Yanzu tofar da miyau ki koma. Ki yi sauri."

Bangon birnin ya fara tsagewa. Abin da Hansai ta gani na ƙarshe shi ne ƙananan biranen suna turereniyar fita ta jikin uwarsu.

Ta faɗo a tsakar gida, rana ta take tsaka. Ganyen bado ya yi yaushi, ɗigon ya zama ɗan danshi da bai kai ƙwayar gero ba. Ta tsaya tsakanin ƙofar ɗaki da hanyar kogi. Ta tuna rantsuwa, ta suri ganyen ta sheƙa da gudu, kai ba ɗankwali. Kafin ta kai gaɓa numfashi ya gagare ta, ta ƙarasa da rarrafe. Da ta buɗe hannu za ta sa ganyen a ruwa, ba ta ga danshin ba. Ta sa shi duk da haka. Ruwa ya tafi da shi. Har ta mutu ba ta san ko ta cika alkawari ba.

Ta iske Tunau jingine da bango, ido a kafe. Ta buɗe bakinsa ta sa tsakuwar, ta narke kamar gishiri. Ya shaƙe, ya dunƙule, ya yi ta amayar da baƙin kaki har ƙasa ta jiƙe. Sannan ya ja numfashi. Ya ja, ya ja, ƙirjinsa na ɗagawa bai tsaya ba, idonsa ya cika da hawaye.

Ya ce, "Hansai, haka kuke ji? Kullum?"

Ta ce, "Haka muke ji, Maigida."

A ranar ya kwanta rigingine a kan tabarma da rana tsaka, ya yi barci kamar jariri. Ita kuwa ta koma bayan rumbu ta toshe baki da zani, ta yi tarinta na farko.

Damina ta sauka. Tunau ya koma fito, ya yi ƙiba, ana jin waƙarsa daga wancan ƙetare. Mutanen Tunga suka ce ikon Allah. Hansai ta daina banda don hayaƙi, ta ce mura ce. Ta rame. Ta fara barci a zaune. Wata rana ya dawo ya same ta jingine a daidai gurbin da bayansa ya goge a bango, ya tsaya ya saurari numfashinta. Ya san wannan ƙara fiye da muryar uwarsa.

Ya ce, "Wannan tarina ne. Ina kika samo shi?"

Ta so ta yi ƙarya, ƙarfin ƙaryar babu. Ta gaya masa komai, har da sharaɗin.

Ya ce, "Wa ya ce ki yi? Wa ya roƙe ki? Da kin bar ni, da yanzu kina nan lafiya kina yi mini addu'a!" Ya fita a fusace. Ya bi masunta yana tsaga cikin kowane giwan ruwa da aka kama, daga Tunga har garuruwan da ke ƙasa, yana neman wata tsakuwar. Sai hanji da jini. Da ya gaji ya dawo ya zauna kusa da ita, ya ɗora kanta a kafaɗarsa, ya koya mata dabarun da ya sani: yadda ake karkata gefe kaki ya fito, yadda ake satar numfashi kaɗan-kaɗan.

Da shinkafa ta fara fitar da kai, wata safiya ta ce, "Maigida, ɗauke ni a jirgi. Ina so in ga kana tuƙi."

Ya ɗauke ta kamar ɗaurin kara, ya jingina ta a goshin jirgi tana fuskantarsa. Kogi ya cika ya batse. Ya tura jirgin suka bar gaɓa.

Ta ce, "Har yanzu kana fushi?"

"Ina yi."

"Amma ka ji daɗinsa?"

Ya ja filafili sau biyu. Sannan ya ce, "Na ji, Allah Ya yafe mini. Na ji."

"To yi mini waƙar nan da kake yi a ƙetare."

Ya ɗaga murya ya fara, yana tuƙi yana duban gefe don kada ta ga fuskarsa. Ya yi baiti ya shiga wani. Suna tsakiyar kogi ya ji wani abu ya tsaya a ƙirjinsa, shiru, kamar iska ta ɗauke a gona. Bai duba goshin jirgin ba, ba ya bukatar dubawa. Ya ci gaba da waƙar har inda numfashin ya kai shi, sannan ya janye filafili daga ruwa ya ajiye a kan cinyarsa.

Masu wanki a gaɓa sun ga jirgin ya juya a hankali ya bi ruwa, mutum biyu a ciki, babu mai tuƙi. Sun yi ta kira. Iyakar abin da mutanen Tungar Maje suka sani ke nan, ni ma a nan nawa sanin ya tsaya.